Ranar da Yaya Ya Sake Riƙe Aska

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya da su, amma safiyar sunan ɗan farina ba za ta goge a raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ba don rago ba, ba kuma don kayan barka ba. A ranar ne aka yanke ko yayana zai ci gaba da sana'ar da ya gada, ko kuwa shi ke nan ya zama mutumin da ake nunawa da baki in ya wuce. A ƙarshen shekarun saba'in ne, a gidanmu na Dutse Uku.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Babanmu ya zo Jos tun zamanin da ake tururuwar haƙar kuza, da zabirarsa a kafaɗa, wato jakar fatar nan da wanzami ke zuba asake da ƙaho. Kusan duk magidancin da ke layinmu ya sunkuyar masa da kai, kuma shi ya yi wa 'ya'yansu askin suna. Da Allah ya yi masa rasuwa sai zabirar ta koma hannun yayana, don mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Yaya yana zama a gindin wani mangwaro kusa da masallaci, kuma in yana aski bakinsa ba ya hutawa. Ni kuwa ya mayar da ni abin tsokana. Kullum sai ya ce ranar da dutsen wasa askarsa ya ɓace ba zai damu ba, tunda ga goshina.

Abin ya fara ne sannu a hankali, shi ya sa ba mu farga da wuri ba. Da farko surutun ne ya ragu, muka ce girma ne ya zo. Sai ya fara tattara gashin da ya aske wa mutane yana ƙullewa a tsumma, wai kada a ɗauka a yi wa masu shi asiri a ce shi ya bayar. Daga nan ya daina cin abinci sai wanda aka zuba daga tukunya a kan idonsa. Sai ka gan shi zaune ya karkata kai yana saurare alhali babu mai magana, wani lokaci har ya amsa. Ya gaya wa Inna cewa akwai wasu mutane da ke bin sa duk inda ya je suna faɗin abin da yake yi: ga shi ya ɗauki buta, ga shi ya zauna, ga shi ba shi da wani amfani. Inna ta leƙa bayan katanga, ba ta ga kowa ba sai awakin maƙwabta.

Ranar da abin ya fito fili, yana cikin aske wa wani mai sayar da dankali, ya kai rabin kai, sai kawai ya naɗe askarsa ya ce an ce masa ya tashi, ya taho gida. Bawan Allah ya yi ta bin layi da hula a hannu yana neman mai ƙarasa masa. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, amma ranar babu wanda ya yi dariya a gidanmu. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa wanzami ya haukace da aska a hannu. Ko ƙwarzane bai yi wa mutumin ba, kuma duk tsawon ciwon bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, amma wannan ɓangaren labarin bai samu mai kai shi gaba ba.

Daga nan duk wanda ya shigo gidanmu da tasa fatawar. Wasu suka ce aljanu ne, don yana aski a gindin bishiya da tsakar rana. Wasu suka ce wani wanzamin ne ya yi masa sammu saboda hassada. Wata tsohuwa ta rantse gashin mai iska ya taɓa. Hayaƙi kuwa mun sha shi har kajin gidan suna tari. Inna ta ɓoye zabirar a cikin tukunyar acca, ta tusa wuƙaƙen gida a ƙarƙashin katifarta, har ta kai albasa ma da farce muke yaga ta. A cikin wannan hali aka ɗaura aurena da wani direba ɗan bayan layinmu, na tare, Yaya bai ko leƙo daga ɗakinsa ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na wasu 'yan ƙabilar Ibo. Maigidan yana da kanti a bakin titi, kowa Oga yake ce masa, matarsa kuma nas ce a asibiti, muna ce mata Madam. Ta daɗe tana jin abin da ake ciki ta kan katanga. Wata rana, na zo gaida Inna, hayaƙi ya ishi Madam, sai ga ta da fararen kayanta, ta zauna a tabarma kusa da Inna. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Mama, ka yi haƙuri, ni ba na hana addu'a, ni ma ina yi," in ji ta. "Amma wannan yaro ciwo ne yana damun shi, ciwo na cikin kai. Muna da su a asibiti. Suna sha magani, suna koma gida. Ka ba ni shi gobe."

Inna ta ce asibiti ai na karaya ne da haihuwa, me likita ya sani game da iska. Suna cikin ja-in-ja sai muka ji muryar Yaya daga ɗaki, shi da ya yi kwanaki bai haɗa mana kalma biyu ba. Ya ce, "Inna, zan je. Na gaji."

Da ni aka je. Ina zaton za a ɗaure shi, sai na ga likita ya ba shi kujera yana ta yi masa tambayoyi kamar mai hira. Sannan ya faɗa mana sunan ciwon, sikizofireniya, wanda har Inna ta bar duniya ba ta iya faɗa ba, sai dai ta ce ciwon nan mai dogon suna. Madam ce ke fassarawa. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yadda wani ke da ciwon suga wani ke da hawan jini. Ƙwaƙwalwar ce ke ƙirƙiro murya, kunne ya ji ta sak kamar ta gaske, don haka ba ƙarya yake yi ba, kuma musu ba zai raba shi da ita ba. Ita ce kuma ke sa mutum ya yarda da zargin da ba shi da tushe. Ya ce yakan kama matasa suna tsakiyar ƙarfinsu, ba ruwansa da ƙabila ko addini, ba kuma laifin uwa ko na wani maƙiyi ba ne. Yawancin masu shi, in ji shi, su ne ke cikin tsoro, ba su ne abin tsoro ba. Magani kuma ba ya zare shi kamar ƙaya, kwantar da shi yake yi, sai an ci gaba da sha ko da an ji sauƙi. Inna ta saurara tsaf, ta yi tambaya ɗaya tak, ko za ta ci gaba da tofa masa addu'a. Likita ya ce ta tofa, ta kuma tabbata ya haɗiye ƙwayar.

Yaya ya yi makonni a kwance kafin a sallamo shi. Ya dawo ya yi ƙiba, ga yawan barci, hannunsa kuma yana rawa. Nan da nan masu fatawa suka ce aljanin ne ya sauko hannu. Madam ta ce maganin ne, ta mayar da shi wurin likita, aka rage wata ƙwaya aka ƙara wata, aka sa shi a allurar wata-wata. A hankali rawar ta tafi. Ni dai ranar da na tabbata yayana ya dawo ita ce ranar da aka kawo ni gida goyon ciki. Ina shigowa da tulelen cikina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Auta, wa kika sace wa kabewa?" Na zauna a bakin rijiya na yi ta kuka don daɗi, shi kuma yana ta ba ni haƙuri yana zaton zafin maganar na ji.

Lafiya ta dawo, amma masu aski ba su dawo ba. Da ƙyar Madam ta sa Inna ta fito da zabira daga tukunyar acca. Kullum da safe Yaya zai je gindin mangwaro ya shimfiɗa buzu, ya wasa asake ya jera su, ya zauna. Mutanen da ya yi shekaru yana taɓa kansu sai su tsallaka ɗaya gefen hanya su ɗaga masa hannu daga nesa. Wasu suka koma unguwar Gada Biyu aski. Waɗanda ke jin nauyin a gan su a can kuwa suka tara suma, suna cewa wai sanyi ne ya yi yawa bana. Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba, Oga mai kanti, wanda sanƙo ya cinye kansa sai ɗan abin da ya rage a bayan kunnuwa. Duk Asabar zai zo ya zauna ya ce a yi masa fes, gobe coci. Mutane suka ce wannan ba shaida ba ce, kan Oga ko da cokali a aske shi. Wata rana da yamma na ji Yaya yana gaya wa Inna cewa in na haihu an yi suna, zai ba da zabirar ga wani ya tafi neman leburanci a ramin kuza. Inna ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Allah ya sauke ni lafiya, aka samu namiji. Ga 'yan yanzu da ke ɗaukar ɗan fari suna sumbata a gaban surukai, dole in yi bayani. A zamaninmu ɗan fari abin kunya ne ga uwarsa. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in an miƙo miki shi ki ba shi nono sai kin juya baya kin ɓata rai kamar an sa ki dole. Maganar da ta shafe shi kuwa ta kakanni ce, ba ki da bakin sawa. Mijin ma haka, in ana zancen sai ya tashi ya bar wurin.

Ana cikin zaman jego sai surukata ta aiko ƙanwarta ta yi wa Inna magana a hankali, cewa sun riga sun yi wa wani dattijon wanzami na Gada Biyu magana, shi zai zo askin suna, a yi haƙuri. Ba mugunta ba ce. Jikanta ne na farko, kuma da idonta ta ga mai dankali da rabin kai. Sai dai kowa ya san ma'anar abin. A ce baƙon wanzami ya shigo gidan wanzamai ya aske kan jikansu, mai zabirar yana tsaye yana kallo, to an gaya wa unguwa ke nan cewa ko danginsa ba su yarda da hannunsa ba. Bayan wannan babu wanda zai sake zama a buzunsa. Inna ta ce babu komai, Allah ya kai mu. Da baƙuwar ta fita na ga ta daɗe tana goge kwanon da ya riga ya bushe.

Ni kaina ba zan ce ban ji tsoro ba. In na saci kallon jaririn na ga maɗigarsa tana bugawa a hankali, wurin nan mai taushi a tsakiyar kai, sai gabana ya faɗi. Na tambayi Madam da ta shigo duba cibiya ko Yaya zai iya askin. Ta ce ita abin da ta sani shi ne yana shan magani, bai taɓa fashin allura ba, hannunsa kuma ba ya rawa. Sauran kuwa in tambaye shi, ai yana da baki. Wannan maganar ta tsaya mini, don sai a lokacin na lura cewa duk gidan ana magana a kan Yaya, babu mai magana da shi.

Washegari da safe ya kawo itacen dafa ruwan wankana, na ga babu kowa kusa, na kira shi ta bakin labule.

"Yaya, har yanzu kana jin su?"

"Wani lokaci," in ji shi. "Amma sun yi nisa, kamar hayaniyar kasuwa in kana bayan dutse. Da can in sun yi magana sai in ɗauka mutane ne. Yanzu na san daga kaina suke fitowa, sai in bar su su yi ta yi."

"In da an ba ka yaron nan, za ka iya?"

Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. "Yau dai zan iya. Ranar da ba zan iya ba, ni zan fara faɗa, don na san alamarsa yanzu, barci ne ke fara guduna. Amma ki cire wannan a ranki, Auta. Ke mai jego ce, ki sha kununki."

Ranar suna aka tashi da yayyafi, gari ya yi luf. Aka raɗa suna, aka yanka rago, mata suka cika tsakar gida da sababbin atamfofi da ƙamshin turare. Ina zaune a bakin gado an yi mini lalle, ina leƙen komai ta gefen labule. Yaya ya sa farar rigarsa, shi ne ɗauko benci, shi ne rabon goro, yana dariya da kowa kamar ba shi ake shirin yi wa abin ba. Can sai ga dattijon wanzamin ya shigo da sallama. Ya san babanmu, kuma daga yadda yake sunkuyar da kai ka san ba a son ransa ya zo ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa, surukata ta zauna a gabansa da jariri a cinya.

Sai na ga Yaya ya fito daga madafa da ƙwaryar ruwan ɗumi. Ya sa yatsa ya gwada zafinsa, ya durƙusa ya ajiye a gaban dattijon, ya ce, "Ga ruwa, Baba, na sirka shi daidai." Sannan ya miƙe ya nufi zaure don kada ya tsaya a kansu.

Har yau ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina a tsakar gida da mayafi a karkace. Na durƙusa a gaban surukata, matar da tun da aka kai ni gidanta ban taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa, na ce, "Iya, ku gafarce ni." Na sa hannu na ɗauke yaron daga cinyarta. Na ratsa ta cikin mata na cim ma Yaya a ƙofar zaure.

"Yaya, ga ɗanka. Kai za ka yi masa."

Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga bakin kwano. Surukata ce ta fara samun baki. Ta riƙe haɓa ta ce yau ta ga ikon Allah, ɗan fari, a gabanta, da rana tsaka. Sannan muryarta ta sauya, ta ce, "Yarinya, kin san abin da kike yi kuwa? Aska ce fa. Maɗiga ce fa."

Na ce, "Na sani, Iya. Yana shan maganinsa. Na tambaye shi." Daga nan kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya kuwa bai miƙo hannu ba, ya dai tsaya yana kallona, idonsa ya yi ja.

Aka aika a kira surukina daga ƙofar gida. Tsoho ne da ya yi shekaru yana shugabancin leburori a wurin kuza, ba ya son doguwar magana. Ya shigo yana dogara sanda, ya ji bayani daga bakin matarsa, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya juya ga Yaya.

"Yaya kake jin kanka yau?"

"Daidai, Baba."

"Ka sha maganin?"

"Tun da asuba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sai ya cire hularsa ya miƙa wa matarsa. "Yarinya ƙarama ta cire kunyarta a gaban jama'a, ni hula ce za ta gagare ni cirewa? A kawo kujera. Ka fara da wannan tsohon kan, ubanka ya san shi."

Inna ce ta ɗauko zabirar da kanta. Yaya ya wanke hannu, ya wasa aska, ya gwada ta a gashin damtsensa, ya yi bisimilla. Ina tsaye da jariri a hannu, ban san inda zan kai shi ba. Mata suka yi cirko-cirko, wasu sun rufe ido da gefen mayafi suna leƙe ta ƙasa. Askar tana tafiya sumul, furfura na zuba a kafaɗar tsoho. Ya kai wajen ƙeya sai muka ji Yaya ya ce, "Baba, kan nan ya kwana biyu bai ga wanzami ba."

Tsoho ya yi gyaran murya ya ce sanyi ne.

Yaya ya ce, "Haka ne, Baba. Bana kowa a layin nan sanyi yake ji."

Wata daga cikin gwaggonnin mijina ce ta fara fashewa da dariya, sai gidan duka ya ɗauka, har tsohon da aska ke kansa, sai da Yaya ya ɗaga hannu ya jira ya gama. Bayan kai sai ya ɗaga masa haɓa ya gyara gemu, ya bi maƙogwaro a hankali, tsoho ya lumshe ido abinsa. Da aka gama ya shafa kansa ta ko'ina, ya duba tafin hannu, ya nuna wa matarsa.

Surukata ta taso ta tsaya a gabana. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Miƙo mini jikana, marar kunya, ki koma ɗaki kafin ki ƙarasa kashe mu." Ta karɓe shi, ta wuce dattijon wanzamin da ke jira, ta je ta zauna a gaban Yaya, ta gyara yaron a cinyarta. Dattijon kuwa sai ya taso da ƙwaryar ruwan a hannu ya durƙusa a gefe ya riƙe masa.

Ɗaki dai na koma, amma a bakin ƙofa na tsaya. Yaya ya canza aska, ya ɗauko wata ƙarama. Ya jiƙa gashin da yatsu biyu, ya tallafi ɗan kan da hannun hagu. Wannan karon bai yi wasa ba, bai ko ɗaga ido ba. Na ga askar ta taso daga goshi, ta matso wurin da ke bugawa, numfashina ya ɗauke. Ta bi ta kai ta wuce. Yaron ya yamutsa fuska, ya yi hamma, ya ci gaba da barcinsa. Da Yaya ya shafe ragowar ruwan ya ce alhamdu lillahi, surukata ta ɗaga jikanta tana jujjuya kansa a haske, fes, babu ko ɗigon ja.

Ƙanwarta, wadda aka aiko da saƙon nan, ita ce ta rangaɗa guɗa. Madam da ke leƙe ta kan katanga ta kama tafi tana waƙa da yarensu. Inna ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na girgiza, babu wanda ya san kuka take ko dariya. Ni dai daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba, har na manta da ciwon jikina. Kafin a jima labari ya fita ƙofar gida, sai ga masu jin sanyi sun yi layi a zaure, kowa da hularsa a hannu. Abokan mijina suka kamo shi suka danna a kujera, shi da ya wuni yana ɓuya. Yaya ya yi ta aski har azahar ta wuce, a tsaye ya ci abinci. Da aka kawo rabon naman wanzami, dattijon Gada Biyu ya ture shi gaban Yaya ya ce nan gidan wanzami ne, shi cin tuwon suna ya zo.

Ni kuwa na samu suna. Har na tara 'ya'ya, in na shiga gidan biki sai wata ta ce a ɓoye jarirai, ga marar kunyar Dutse Uku nan. Surukata ta fi kowa son ba da labarin, kuma duk shekara sai ta ƙara masa gishiri, har ta kai tana cewa da gudu na fito. Ban yi gudu ba, mai jego ba ta gudu.

Ba zan ce daga ranar komai ya tafi sumul ba. Bayan wasu shekaru Yaya ya ga ya daɗe lafiya, ya daina zuwa allura ba tare da ya gaya wa kowa ba, ciwon ya sake ɗago kai. Amma ya cika maganarsa. Da barci ya fara gudunsa, shi da kansa ya kawo wa Inna zabira ya ce ta ajiye masa, ya ce a raka shi asibiti. Ya dawo ya tarar da mutanensa suna jiran sa, wannan karon babu wanda ya tsallaka hanya. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa da ƙwayoyinsa a aljihun riga, kuma bai taɓa ɓoye su ba.

Abin da na koya shi ne ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar kowane, yana da suna, yana da magani, kuma mai shi yana nan a ciki, da hankalinsa da zuciyarsa, in aka yi haƙuri aka tambaye shi zai faɗi inda yake. Ba don ƙwaya da allura ba da ba mu samu Yaya ba, wannan ba na musu. Sai dai asibiti lafiya yake bayarwa, ba ya ba da amana. Amana mu mutanen gida da unguwa ke mayar wa mutum, kuma ba ta komawa sai wani ya fara miƙa abin da yake tsoron rasawa. Ni ranar abin da nake da shi ke nan, jariri ɗan kwana bakwai. Na miƙa shi, aka dawo mini da shi lafiya, aka haɗa mini da yayana.